Ɗaukar Hoton Mutane a Titi da Ɗora Shi a Intanet: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Hoto a Zariya

Waɗannan su ne tambayoyin da masu hoto, ɗalibai da masu riƙe da shafukan labarai a Zariya suka fi yi. Amsoshin sun dogara ne a kan dokokin tarayya da na Jihar Kaduna. Abu guda ya ratsa kusan dukkansu: ɗauka daban, yaɗawa daban. Da wuya doka ta kama mutum a lokacin da ya danna kyamara. Inda take kama shi shi ne wurin ɗorawa, da abin da ya rubuta a ƙasan hoton, da abin da ya yi amfani da hoton a kai.

Laifi ne in ɗauki hoton mutumin da ban sani ba a kan titi?

Babu wata doka a Najeriya da ta hana hakan a dunƙule. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin karɓar bayani da isar da shi. Wanda ya tsaya a Kwangila yana ɗaukar cunkoson motoci, ko a PZ yana ɗaukar masu wucewa, bai karya doka ba don fuskokin mutane sun fito.

Sai dai sashe na 37 na kundin ya kare sirrin mutum da na gidansa. Abin dubawa shi ne: mutumin nan yana wurin da yake da dalilin sa ran ba a kallonsa? A cikin birni wannan tambaya tana da nauyi, domin yawancin gidaje tsakar gidansu a buɗe take ba rufi. Wanda ya hau bene ko katanga ya jawo hoton matan da ke daka ko wanki a tsakar gida ya keta sirrin gida, ko da ƙafarsa ba ta taka zauren ba. Haka wanda ya ware mace guda yana bin ta daga bakin kasuwa har tashar keke yana ɗauka: wannan ya tashi daga ɗaukar hoton titi ya koma bibiya da tsangwama, kuma Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafin mutane tun 2018.

Idan ɗaukar ba laifi ba ce, me ya sa ɗorawa za ta zama matsala?

Saboda Dokar Kare Bayanan Mutane, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. A wurin wannan doka, duk wani bayani da za a iya gane mutum da shi bayanansa ne, kuma hoton fuska yana ciki. Adana shi, gyara shi, tura shi da wallafa shi duk sarrafa bayanan mutum ne, kuma kowace sarrafawa tana bukatar dalilin da doka ta yarda da shi. Wanda ya fi sauƙin kafa hujja da shi shi ne yardar mai hoton.

Dokar ta ware wasu abubuwa biyu da suka shafe mu. Na farko, abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na iyalinsa zalla, muddin bai keta sirrin wani ba. Hoton da ke cikin wayarka, ko wanda ka tura wa 'yan gidanku, yana ƙarƙashin wannan. Amma shafi mai dubban mabiya, wanda ake biyan ka kuɗin talla a kansa, ba ka isa ka kira shi harkar cikin gida ba. Na biyu, an sassauta wa aikin jarida, ilimi, fasaha da adabi a inda amfanin jama'a ya shigo. Wannan sassauci ne yake rufa wa mai ɗaukar hoton labarai baya. Ba ya rufa wa wanda ya ɗauki dattijo yana gyangyaɗi a bakin shagonsa ya ɗora don a yi dariya.

Hukumar da ke kula da dokar ita ce Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC. Tarar da za ta iya ci ta kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga manyan kamfanoni kuwa miliyan 10 ko kashi 2. Ban da wannan, wanda aka cutar yana iya zuwa kotu neman diyya.

Yaya ake neman izini? Na baki ya isa?

Na baki izini ne, matsalarsa ita ce ranar da aka yi musu ba ka da shaida, kuma doka ta ɗora wa kai mai ɗauka nauyin nuna cewa an yarda. Shiru ba yarda ba ne. Murmushin da mutum ya yi wa kyamara ma ba yardar a ɗora shi a Facebook ba ce.

Ga yadda ya fi dacewa. Ka sauke kyamara ka yi sallama, ku gaisa tukuna. Sannan ka faɗi ko kai wane ne da abin da kake so: "Baba, sannu da aiki. Ni mai hoto ne, ina ɗaukar masu sana'ar hannu. Ko za ku yarda in ɗauke ku kuna aikin nan? A shafina na Instagram zan sa." Idan ya yarda, ka kunna bidiyo na ɗan lokaci ka maimaita tambayar ya amsa da bakinsa. Abubuwa huɗu ne ya kamata su fito: sunanka, inda hoton zai fita, ko akwai kasuwanci a ciki, da kuma cewa zai iya janye yardarsa daga baya. Ka nuna masa hoton a fuskar kyamara, ka bar masa lambarka.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne faɗaɗa izini. An yarda maka don aikin makaranta, kai kuma ka sayar wa wata ƙungiya ta buga a kalanda. Wannan sabon amfani ne, sai da sabon izini. Ga matar aure kuma, yardarta ita ce doka take nema, amma duk wanda ya san garin nan ya san yana da kyau ka tambaye ta: "Hajiya, maigida ba zai ga laifi ba?" Rigimar hoto da yawa daga nan take tasowa.

Wani ya ga na ɗauke shi ya ce in goge. Dole ne?

Ba shi da ikon ƙwace maka waya ko fasa kyamara. In ya yi, shi ne ya aikata laifi. Amma dokar 2023 ta ba shi 'yancin ƙin yarda da neman a goge bayanansa idan ba ka da wani dalili mai ƙarfi na riƙewa. Shawararmu: in ba shaidar wani laifi ba ce ko labarin da ya shafi jama'a, ka goge a gabansa, ka buɗe masa kwandon shara na wayar ka goge a can ma. Gardamar doka a tsakiyar kasuwar Sabon Gari ba ta ƙarewa da kyau, don kafin ka gama bayani an riga an kewaye ka.

Hawan Sallah fa? Mutane dubbai ne, wa zan tambaya?

Ba a bukatar izinin kowane mutum a taron da aka shirya don a gani. Mahaya, 'yan bindiga, dogarai da makaɗa sun fito ne a kalle su, kuma hoton dandazon jama'a a Ƙofar Fada ko Babban Dodo ba shi da matsala. Abin da ake kiyayewa shi ne tsamo mutum guda daga cikin 'yan kallo, musamman 'yan mata, a mayar da shi abin magana. Hoton da aka yanko fuskar budurwa aka rubuta "wa ya san ta?" ya daina zama hoton hawa.

Shiga cikin fili ko cikin fada kuwa yana da nasa tsari. Ka nemi izini daga masu kula da harkokin fada tun kafin ranar, ka tsaya inda dogarai suka tsayar da kai. Kada ka haska wa doki fitilar kyamara a fuska.

Akwai wuraren da ba a ɗauka ko da daga titi ne?

Zariya gari ne mai wuraren tsaro: Daffo na sojoji, Makarantar Soja, Barikin Basawa, ga kuma filin jirgi na Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoto ko zanen wuraren tsaro da nufin da zai cutar da tsaron ƙasa. Gaskiya ne dokar a kan mugun nufi take magana, amma kafin a kai ga kotu an tsare ka, an riƙe kayan aikinka. Kada ka ɗaga waya a ƙofar bariki ko shingen sojoji.

A kotu ba a ɗauka sai da izinin alƙali, in ba haka ba raina kotu ne. A asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Shika, sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya mayar da bayanan majiyyaci sirri; ma'aikacin da ya ɗauki majiyyaci ya ɗora yana wasa da lasisinsa. Jami'a, banki, kanti da ɗakin taro wurare ne masu masu su. Jama'a suna shiga, amma mai wuri yana da ikon cewa ba a ɗauka, kuma in ya ce ka fita ka ƙi, ka zama mai kutse.

Zan iya ɗaukar ɗan sanda yana bakin aiki?

E. Babu dokar da ta hana, kuma rundunar 'yan sanda ta ƙasa da kanta ta faɗa a fili cewa ba laifi ba ne. Abin da yake laifi shi ne hana jami'i aikinsa. Don haka ka ja baya 'yan taku, kada ka cusa masa waya a fuska, kada ka shiga tsakaninsa da wanda yake kamawa, kada ka zage shi. In ya tambaya, ka amsa a natse: "Yallaɓai, ɗauka kawai nake, ban hana ku aiki ba." Shugabannin rundunar sun sha hana jami'ai binciken wayar mutane barkatai a hanya. Idan aka tilasta ka gogewa, kada ka yi kokawa. Ka riƙe suna ko lambar jami'in, wuri da lokaci, ka kai wa sashen karɓar ƙorafi na rundunar. Wayar da aka saita tana kwafe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet da kanta takan tsira da abin da aka goge.

Yara da almajirai fa? Su da kansu suke cewa a ɗauke su.

Roƙon yaro ba izini ba ne. Duk wanda bai kai shekara 18 ba, sashe na 31 na dokar kare bayanai ya ce yardar mahaifi ko mai riƙonsa ake nema, kuma Kaduna tana da dokar kare yara ta 2018.

Almajiri ne aka fi zalunta a nan, domin iyayensa suna nesa kuma babu mai tsaya masa. Ana ɗaukarsa da kwano a hannu, a ɗora da lambar asusun neman taimako, shi bai san an yi ba, mahaifinsa bai sani ba. Hoton zai zauna a intanet har ya girma ya nemi aure ko aiki. Mafi ƙarancin abin yi shi ne ka je wurin malamin tsangaya ka yi bayani, in da hali a kira mahaifin a waya. In ba a samu ba, ka ɗauka ta baya, ko hannuwa da allo kawai, ko ka dusashe fuska. Kada ka haɗa fuskar yaro da sunansa da unguwar da yake kwana, don ka nuna wa mai mugun nufi hanya ke nan. Yaron da ake tuhuma da laifi, ko wanda aka ci zarafinsa, ba a bayyana ko wane ne shi sam.

Hoton gaskiya ne, ban ƙara komai ba. Ta ina ɓata suna zai shigo?

Ta rubutun da ke ƙasa. Nan ne mafi yawan ƙararraki suke fitowa. A ce an kama wani a kasuwa ana cewa ya saci waya, ka ɗauka ka rubuta "ga ɓarawon". Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. In aka sake shi, kai ne za ka tsaya ka tabbatar da cewa ɓarawo ne, ko ka biya. Ko ka ɗauki mace tana sauka daga mota a ƙofar otal ka rubuta "Allah ya shirya". Ba ka faɗi komai ɓaro-ɓaro ba, amma kotu tana duba abin da mai karatu zai fahimta, ba abin da ka ce kana nufi ba. Wataƙila taron ƙungiya ta je.

A Kaduna ɓata suna yana da fuska biyu. Ana iya kai ƙara Babbar Kotu a nemi diyya, sannan laifi ne a ƙarƙashin dokar Final Kod ta jihar ta 2017, wato dokar hukunta laifuka, mai iya kai mutum gidan yari. Tsakanin Musulmi kuma, jifan mutum da zina ƙazafi ne, kuma ana iya kai shi kotun shari'ar Musulunci.

Sa kalmar "ana zargin" yana rage kaifi, amma ba ya wanke wanda bai bincika ba. Wanda ya tura abin da wani ya rubuta shi ma mai wallafawa ne a idon doka. "Yadda na gani na tura" ba kariya ba ce. Magana zarar bunu ce: ko ka goge daga shafinka bayan awa guda, ta riga ta shiga zaurukan WhatsApp da ba ka san da su ba.

Hatsarin mota da gawa?

Ɗaukar wurin hatsari daga nesa labari ne. Fuskar mamaci ko ta wanda ke kwance cikin jini ba ta ƙara wa labarin komai, sai dai ta sa uwa ta fara ganin ɗanta a waya kafin a zo a gaya mata. Ka rufe fuska da lambar mota, ka jira 'yan'uwa su ji. In ana neman dangin wanda ba a gane ba, a miƙa hoton ga jami'an kiyaye haɗura ko asibiti, su san yadda za su yi cigiya.

Zan iya sa hoton wani a tallar shagona?

Ba tare da rubutaccen izini ba, a'a. Sassaucin jarida da fasaha bai kai talla ba, kuma sa fuskar mutum kusa da kaya yana nuna ya yaba kayan ne. Telan da ya ɗauki kwastoma sanye da ɗinkinsa, da mai lalle ko kwalliya da ta ɗauki amarya, duk ya shafe su. Takarda guda ta isa: sunaye, wane hoto, ina zai fita, tsawon wane lokaci, nawa aka biya in akwai, sa hannu da kwanan wata.

Hoton biki na wane ne, mai hoto ko amarya?

A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai haƙƙinsa in ba a yi wata yarjejeniya ba, kuma kariyar tana kai shekara 50. Fitowar fuskarka a hoto ba ta sa ka zama mai shi. Amma dokar ta yi wa masu biki tanadi: wanda ya ɗauko mai hoto don hidimar gidansa yana da damar amfani da hotunan a abin da ba kasuwanci ba, kuma yana da ikon hana a wallafa su ko a baje su ga jama'a. Ke nan mai hoton da ya ɗora hotunan kamu ko na zaman lalle don tallata aikinsa ba tare da ya tambaya ba ya shiga gonar da ba tasa ba. A yi wannan magana ranar cinikin aiki, a rubuta ko da a saƙon waya ne.

Wani yana barazanar yaɗa hotona na sirri sai na ba shi kuɗi.

Kada ki biya, domin wanda aka biya sau ɗaya yana dawowa. Kada ki goge saƙonninsa. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin shekara 5 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 15 ba, ko duka biyu, ga mai barazanar ɓata sunan wani don ya tatsi kuɗi. Tura hoton batsa kuwa tara ce har miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. Yardar da kika yi aka ɗauka, ko kika tura masa da hannunki, ba yardar yaɗawa ba ce, ko da mijinki ne a lokacin.

Akwai shafin StopNCII: yana fitar da wata lambar shaida daga hoton ba tare da hoton ya bar wayarki ba, sai Facebook, Instagram da TikTok su riƙa toshe shi in an yi yunƙurin ɗorawa. Ga 'yan ƙasa da shekara 18 akwai shafin Take It Down mai irin wannan aiki. Hoton tsiraicin yaro kuwa, ajiye shi a waya kaɗai laifi ne a sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet, don haka kada a tura wa kowa da sunan nuna shaida. A kai wayar wurin 'yan sanda.

An ɗora hotona ban yarda ba. Daga ina zan fara?

Daga tara shaida, kafin mai shafin ya farga. Ka ɗauki hoton fuskar wayarka yadda sunan shafin, kwanan wata, rubutun da sharhin mutane za su fito, ka kwafi adireshin wallafar. Ka adana wayar da ka yi wannan da ita, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da aka ciro shaida daga cikinta, kuma shari'o'i suna faɗuwa a kan wannan.

Sannan ka rubuta wa mai shafin a natse ka ba shi wa'adi, kamar awa 48, ya sauke. Kada ka rama da zagi ko da ɗora nasa hoton, sai ku zama masu laifi biyu. Ka kai rahoto ga kamfanin ta maɓallin ƙorafin keta sirri. In kun san juna, mai unguwa ko dattijon gida yakan kashe magana cikin kwana ɗaya. In ta ƙi, akwai wasiƙar lauya, ƙorafi ga NDPC, ko ƙarar kare haƙƙin ɗan'adam a Babbar Kotu a ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ofishin taimakon shari'a na Tsangayar Lauyoyi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo.

Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoton biki yana bukatar izini?

Yana bukata, daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da kuma ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A Zariya a ƙara kula, don jiragen ɗalibai suna shawagi ƙasa-ƙasa, ga barikoki a kewaye. Ko da izini a hannu, jirgin da ya tashi a ƙofar gidan biki yana hango tsakar gidajen maƙwabta, don haka a yanke wannan ɓangare kafin a miƙa bidiyon.

Na rufe fuska. Shi ke nan?

Ba lallai ba. Ana gane mutum ta lambar babur, allon shago, bajen makaranta, zanen lalle, ƙofar gida ko murya. A unguwa irin Tudun Wada, mayafi da tafiya kaɗai sun isa maƙwabta su ce wance ce. Ka rufe da baƙin tambari cikakke maimakon dusashewa kaɗan, ka sauya murya in bidiyo ne. Sannan ka shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri, domin waya tana liƙa wa hoto ainihin inda aka ɗauke shi. Manyan shafukan sada zumunta suna ɓoye wannan bayani daga masu kallo, amma hoton da aka tura ta imel, ko aka tura a WhatsApp a matsayin fayil, yana tafiya da shi.